Godiyar da Muka Kai wa Mai Dabino

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiya, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci.

Bayan haka, labarin jikanki Bukar na kawo miki, wanda kika bari yana rarrafe. Yanzu yana lakwal, wato makarantar boko, a nan Diffa.

Kin tuna dokarki tun muna Bosso: duk abin da aka ba yaro a waje, ko ƙwarar gyaɗa ce, ba zai kai baki ba sai ya kawo gida, ke kuma ki yafa mayafi ki je godiya. Mun sha jin haushinki. Ranar da wani masunci ya ba ni bandar kifi, kin ja ni har bakin ruwa cikin rana, yawuna sai tsinkewa yake. Kika ce, "Wanda ya ba ɗana abu, sai ya ga fuskata."

Kwanakin baya Bukar ya daina gaida mushensu, wato malamin ajinsu. Rannan ya dube ni ya ce lakwal hanyar wuta ce, ni da na sa shi sai na tuba. Inna, kin san a bakin su wa muka fara jin wannan magana kafin mu gudo.

Ban doke shi ba. Ina wanki na tarar da ƙwallayen dabino a aljihunsa, dabinon da bai taɓa biyowa ta hannuna ba. Da na lallaba shi, ya ce wani mutum ke zama gindin bishiyar bedi bayan katangar lakwal, yana raba musu, yana musu wa'azi, ya kuma hana su faɗa a gida.

Na gaya wa direktan lakwal, shi kuma ya kai maganar gaba. Sannan na bi gidajen iyayen 'yan ajinsu. Muka yafa mayafai, muka ɗauki kwanon busasshen tattasai, muka tafi godiya, yaran na biye da mu. Muka gaishe shi da kyau. Na tambayi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, don mazanmu ma su zo su gode. Wallahi ko ɗaya bai amsa ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya bar mu da tattasanmu, bai sake dawowa ba.

A hanya Bukar ya tambaye ni me ya sa malami zai ɓoye sunan ubansa. Na ce shi ma ya yi tunani.

Ba zan ce miki an gama ba, har yanzu ina tsoro. Amma jiya ya shigo da alawa ko ɓarewa bai yi ba, wai mushe ya ba shi. Ya ajiye mini a tafin hannu, ya je ya ɗauko mayafina ya tsaya a ƙofa yana jira. Na yi kewarki sosai a lokacin, Innata.

Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya tsare mana yaranmu.

Taki har abada,
Falmata