Ta Farko Ta Ƙanƙame Ni, Na Biyu Ya Tsaya Nesa

Anti Batulu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Tun da ɗana Halliru ya faɗa rijiya ya rasu barci ya ƙaurace mini. Aka tura ni wajen masu ba da shawara kan damuwa a wani asibiti a Kazaure. Ta farko, Malama Sadiqa, ta riƙe ni kamar cikinmu ɗaya. Ina kuka tana kuka, kullum sai ta bugo waya. Amma ranar da na rasa abin hawa daga Roni ban je ba, sai ta ɗau fushi, wai na guje ta. Na koma ni ke rarrashinta, ni da aka binne wa ɗa. Da aka canza mata wurin aiki ko sallama ba ta yi mini ba, wai ba za ta iya jurewa ba.

Yanzu Malam Ukasha ne. Ba ya makara, ba ya mantuwa, amma da na ambaci Halliru sai ya gyara zama ya tambaye ni ko ina cin abinci. Haka ake warkar da mutum? Na yanke ba zan koma ba.

Maman Halliru, Roni

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Halliru.

Fushinki yana da dalili. Mai ba da shawara ma mutum ne, halinsa yakan bi shi har wurin aiki. Wanda ya taso da tsoron a guje shi yakan ƙanƙame mutane, ƙaramin abu ya taɓa shi. Ina jin haka Sadiqa take. Ta so ki da gaske, amma ta ɗora miki nauyin da ba naki ba. Wani kuma, kamar Ukasha, ya saba haɗiye damuwarsa shi kaɗai, sai kukan wani ya sa ya ja baya. Wannan ba ƙiyayya ba ce, sai dai irin wannan kulawa ba ta wadatar da ke ba.

Kada ki daina zuwa. Ki faɗa wa Ukasha kai tsaye cewa maganar ɗanki kika zo yi. Mai sanin aikinsa zai saurara ya gyara. In bai gyara ba, ki nemi a canza miki wani, haƙƙinki ne. Ki nemi mai natsuwa, wanda zai zauna da kukanki ba tare da ya ruɗe ko ya kauce ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya mayar miki da barcinki.

Anti Batulu