Koma Gida

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

'Yata Rumasa'u ta dawo daga Wuse da sabon aiki. A laburaren da take bautar ƙasa an sa ta rubuta bayanin yadda ake aron littafi, da Hausa, a shafinsu na intanet. Idan ya yi wa ogarta, za su riƙe ta bayan ta gama. Idan bai yi ba, sai zaman jiran aiki. Wai ni zan gwada mata. Ni da ban riƙe biro ba sai da na yi jika!

Laraba, 8 ga Oktoba

Ta buɗe min shafin a wayata ta shiga wanka. Na bi da yatsa a hankali. "Kana son aron littafi?" Wannan na karanta. Ina cikin haɗa layi na biyu sai idona ya kai sama: KOMA GIDA. Ashe abin yana gane mai jan ƙafa a karatu? Na kife wayar.

Da ta fito ta ce, "Mama, yaya?" Na ce ya yi kyau.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na sake gwadawa da sauri-sauri. Bai fasa korata ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na nuna wa Lantana, wadda muke benci ɗaya a ajin manya na nan Bwari. Ta karanta, ta ce, "Ina zaune a ɗakina zai ce in koma gida? Wane gidan, na ubana a Paikon Kore?" Mun yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Ranar Alhamis 'yan ajinmu za a kai su gwada a gaban oga. Idan duk suka kife wayoyi fa?

In faɗa, yarinya ta ga uwarta ba ta kai ba. In yi shiru... ban sani ba. Kaina ya ɗaure.

Talata, 14 ga Oktoba

Na faɗa wa Rumasa'u, muna tsintar wake, ban ɗaga kai ba. Ta tuntsire da dariya, sannan ta daina.

"Mama, ba korarki ake ba! Wurin dannawa ne, ya mayar da ke shafin farko. Turawa gida suke ce masa, shi ne na ɗauko."

Ta ce da ma inda na tsaya take nema, ba yabo ba, kuma na kusa ja mata da "ya yi kyau" ɗina. Ta mayar da shi KOMA FARKO. Har yanzu ban gane yadda shafi yake da gida ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban je ba, na kasa. Lantana ta dawo da littafin girki. Oga ta ce za su riƙe Rumasa'u. Alhamdulillahi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ta ba ni sabon shafi, ta shiga wanka. Akwai wani "sabunta aro". Me ake sabuntawa, littafin? Ba wai na iya ba ne. Kawai dai na tsinci kaina ina buga mata ƙofar banɗaki, wayar a hannuna ban kife ta ba, fuskarta sama.