Kwanon Durwa

Litinin, 3 ga Yuni

Na kama Bahijja a kangon bayan gida tana shafa kan Durwa, karen farautar yayanta Salisu. Budurwa, da hijabin salla! Na sa ta wanke hannu da ƙasa. Ta fara, "Umma, Yaya ya ce..." Na ce Yaya yana Fatakwal, nan gidana ne. Amanar ciyarwa na karɓa, ban karɓi ta shafa ba. Daga yau a tura masa kwano da sanda.

Asabar, 8 ga Yuni

Haƙarƙarin Durwa ya fara fitowa. Kuma kullum kwanon tas.

Talata, 11 ga Yuni

Maƙwabcinmu Malam Ilu ya sha cewa haushin karen na hana shi barci. Yau ya gaishe ni har da tambayar "ya mai gadin namu?" Tun yaushe? Mutum ya yi furfura bai ji tsoron Allah ba. Na hana a karɓi ko ƙashi daga gidansa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ko Bahijja ce? Ita ke kai tuwon. Yaran yanzu, ka yi musu faɗa su rama a kan abin da ba ya magana. Na tsare ta, ta yi ta kuka. Kuka ba shaida ba ne.

Lahadi, 23 ga Yuni

Salisu ya kira. Na ce karensa lafiya lau. Astagfirullah. Ko tashi ba ya iyawa sosai.

Litinin, 24 ga Yuni

Na kai tuwon da kaina, na laɓe a bakin ƙofa. Ya dubi kwanon, ya dubi ƙofa, bai taɓa ba. Kajina suka zo suka cinye. Kajina!

Bahijja ta ce, kanta a ƙasa, haka mafarauta ke horar da su saboda masu jefa guba: ba ya ci sai ɗan gida ya shafa masa kai. "Shi na so in faɗa miki ran nan, Umma." To ta faɗa da ƙarfi mana.

Laraba, 26 ga Yuni

Bahijja na Islamiyya, ba kowa a gidan. Ba zan bari a tambaye ni ran dabba gobe kiyama ba, shi ke nan dalili. Ya cinye, har ya lashe kwanon.

Na wanke hannu. Kan nasa da ɗumi, kamar na Salisu yana jariri.

Na aika wa Malam Ilu ƙwai.