Saitin Jitar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, ya Mama da ciwon gwiwarta? Ni lafiya lau, na kama aiki. Ɗakin ƙarami ne, amma mutum ɗaya me zai yi da fili?

Na ga bidiyon da kake bin kaset ɗin marigayi Baba da jitarsa. Na kuma ji Mama a bayanka tana cewa hannunsa ka ɗauko. Na taya ka murna.

Ni ma na gwada. Na saita jitata da manhajar waya, kowace tsirkiya daidai, amma ina bin sa sai sautinmu ya riƙa karo. Na auna: nasa ya ɗan sauka ƙasa, bai kai rabin mataki ba. Ashe da kunne yake saitawa. Kai kana zaune gabansa lokacin da ya tura ni karatu, don haka kada kanka ya kumbura. Ba baiwa ba ce, kusanci ne.

Ina so Mama ta ji nawa. Ka kaɗa min tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya, ka turo. Ka rufe ƙofa tukuna, kada ta san a wurinka na samo.

Allah ya yi maka albarka.

Yayanka