Hauyarki Ta Tsage, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ina rubuto miki daga Gangara, a tsohon ɗakinki da Yaya Sale ya mayar wurin ajiye gero. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki. Amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana sai ke.

Ranar Talata ce, makon jiya, a gidanmu na Tanut. Surukinki Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya tafi makarantar lakwal koyar da yara, ni kuma gawayina ya ƙare ga shinkafa a kan wuta. Sai na shiga ɗan ɗakinsa na bayan gida in ɗebo nasa.

Ba ki san ɗakin ba, bayan rasuwarki ya gina shi. Inna, surukinki ƙira yake yi. Ba gadonsa ba ce, ba kuma sayarwa yake ba. A wayar salula ya ga ana yi, abin ya shiga ransa. Ya samo guntun ƙarfen babbar mota ya kafa a matsayin uwar maƙera, ya ɗinka zuga-zugi da fatar akuya, kullum bayan la'asar sai ƙwanƙwasa. Ya yi wuƙaƙe, ya yi lauje, ya yi wani gatari da har yau ba wanda ya yarda ya yi sara da shi. Maƙwabta suna ce mini matar maƙeri, ina dariya. A raina ina cewa ai kowane jarumi da abin da ya bambanta shi da sauran maza.

Da na ɗaga buhun gawayin, sai na ga koren kallabinki a ƙasa. Na kwance shi. Ruwan hauyarki ne a ciki, ya rabu biyu.

A littattafan da nake karantawa, nan ne mace take sumewa, ko kofi ya suɓuce mata. Ni ban suma ba. Zama na yi a kan uwar maƙerar, guntu ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ina haɗa su suna rabuwa. Ƙaurin shinkafa ne ya tashe ni.

Kin tuna hauyar, mai doguwar ƙota, wadda kike turawa a tsaye cikin gonarki ta bayan gari. Ke kina gaba kina turawa, ni ina kwance a gindin aduwa da littafi a fuska. Kina cewa, "Habsu, in wannan saurayin na cikin takarda ya iya noma, ki ce ya fito." Ranar rabon kayanki kowa ya ɗauki zane da kwano, Yaya Sale ya ɗauki ƙotar, ni na ce a ba ni ruwan hauyar. Na naɗe shi a kallabinki na sa can ƙasan akwati. Shi kaɗai nake da shi wanda ya san ƙarfin hannunki.

Da Mushe ya dawo ya same ni da guntayen, allin da ke hannunsa ma bai ajiye ba. Ya tsaya bakin ƙofa kamar ɗalibin da aka kama. Wai na sha ce masa mazan cikin littafi suna yi wa matansu kyautar ba-zata, shi bai taɓa yi ba. Wai sai ya ce bari ya gyara mini hauyarki, ya fitar mata da baki, ya sa mata sabuwar ƙota kafin ruwan farko. Ya sa ta a wuta, ya daka, da ta yi ja wur ya tsoma ta cikin ruwan randa mai sanyi. Sai ya ji ƙas.

Na tambaye shi yaushe. Ya ce yau kwana goma sha tara.

Inna, kwana goma sha tara! Yana cin tuwona, yana tambayata inda labarin littafina ya tsaya, yana dariya, alhali ya buɗe akwatina, ya taɓa kayan uwata, ya karya, ya ɓoye ƙarƙashin gawayi. Na dube shi na rasa wa nake kallo. Da na buɗe baki ba abin da ya fito sai, "Da wa ka yi shawara?" Ya ce da kowa. Na ce wane kowa. Ya ce yana nufin ba kowa.

Washegari na shiga motar Gangara da guntayen a jaka. Na ce wa Yaya Sale ba zan koma ba. Bai yi mamaki ba. Cewa ya yi dama ɗan boko in ya sa hannu a sana'ar da ba ta kakansa ba, ƙarshenta ke nan.

Shekaranjiya na kai guntayen wurin Baba Idi, tsohon maƙerin bakin kasuwa, ko zai haɗa. Yana karɓa ya juya su sau ɗaya ya ce, "Wannan ta Hajara ce." Sai ya fashe da dariya har da tari. Ni ina tsaye hawaye na zuba, shi yana dariya.

Ya ce kusan kowace bazara kina kawo masa ita ya ƙara mata baki. Ya ce ƙarfen da kika fara noma da shi tuni ƙasar gonarki ta cinye, abin da na riƙe ƙari ne a kan ƙari. Ya ce ke da kanki kin taɓa tsaga ta a saiwar aduwa, kika zo kina zaginta kamar jaka mai gardama. Ban taɓa sani ba, Inna. Ashe a lokacin ina gindin itacen nan, ban ko ɗaga kai ba.

Sannan ya kankare gefen guntun da farce ya nuna mini. Tsatsa ce ta ci shi har ya yi siriri kamar ganye. Ya ce, "'Yata, ƙarfe ba turare ba ne da za a naɗe a tsumma. Mijinki ya ƙarasa ta, amma akwatinki ne ya fara."

Shekara biyu ina ganin ina adana ki, ashe ina barin ki ga tsatsa. Kuma kwana goma sha taran nan da nake ƙirga masa, ni ma ban buɗe akwatin ba, ban san ba kya ciki ba.

Baba Idi ya ƙi karɓar aikin. Ya ce wanda ya tsaga shi zai haɗa. Ya ce in gaya wa malamin, siririn ƙarfe ba a ba shi ruwan sanyi, a toka ake barinsa ya huce. Kuma haɗin ƙarfe biyu yana son wutar da ba ta yankewa, mutum ɗaya ba ya zuga kuma ya yi duka, dole sai da mai riƙe zuga-zugi.

Na gaya wa Yaya Sale. Ya ce tun da aka kafa gidanmu ba macen da ta taɓa zama a maƙera, kada in fara.

Ban yafe ɓoyon ba tukuna, Innata. Wannan sai mun zauna, kuma zai ji ta bakina ba daga littafi ba. Ban ma san ko hauyar za ta haɗu ba, wataƙila mu ƙara lalata ta.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya saka miki da kowane tsiro da kika raya. Ya yafe mini ranakun da na bar ki ke kaɗai cikin rana.

Gobe da safe zan shiga motar Tanut da guntayen nan biyu. Ni zan riƙe masa zuga-zugin.

'Yarki,
Habsu