Dagi da Igiyar Ubanku

Bismillahi. Ni Uwale, ta tungar da ke arewa da Dakoro, nake wannan magana, Malam Sha'ibu yana rubutawa. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce gobe tsohuwa ta ruɗe. Ku saurara ɗiyana: kai Babba, da Harisu, da Dela. Sunan ubanku ban kama shi ba yana raye, ba yau zan fara ba. Malam ya san shi, ya rubuta da kansa: Abarci Mai Rijiya.

Na ɗaya. Awakina da tasoshina, Malam ya raba muku yadda shari'a ta ce. Turmi kuwa na ba Dela tun ina raye, ita ta sha wahalarsa.

Na biyu. Makiyayan yankin Azagor da ke gangarowa da rani, kada a hana su ruwa. Ubanku bai taɓa neman komai wurinsu ba, sai dai dabbobinsu su kwana a gonarmu su bar taki. Hatsin da kuka ci har kuka sami ƙarfin faɗa, daga nan ya fito.

Da muka zo nan babu kowa sai ƙaya da kuraye, ruwa sai an wuni bisa jaki. Aka ce ubanku ya taɓu, wa ke haƙa rijiya cikin wannan rairayi? Shi yana ƙasa da dagi, ni ina bisa riƙe da igiya, Babba yana goye a bayana. Kantar tana hannuna har yau. Bai taɓa yarda bare ya riƙe masa igiya ba, don a cewarsa mai shiga rijiya ransa yana hannun na bisa. Ranar da ruwa ya ɓullo ya fito duk laka, yana dariya kamar yaro, ƙwaryar farko kuma jakinmu ya ba kafin ya sha. Mutum ke nan da rana ba ta taɓa riga shi tashi ba. Wallahi ina kewarsa.

Na uku. Babba da Harisu, abin kunyarku ya ishe ni. Tun bara ba ku gaisawa saboda gawo guda da ke kan iyakar gonakinku. Gawo fa! Ga rijiya ba a yashe ta ba, guga na fitowa rabi ruwa rabi yashi, kai Harisu har kana cewa za ka kwashe iyalinka ka tafi Maradi. In rijiyar nan ta mutu, tungar ta watse, gumin ubanku ya tafi a banza. Gawon na bar wa awakin kowa, magana ta ƙare.

Na huɗu. Dagi da igiyar fata da ubanku ya bar mini amana, yau na sauke. Dagi naka ne Harisu, kai ne siriri marar tsoro. Igiya taka ce Babba, kai ne mai ƙarfin dantse. Ba a sayarwa, ba a ba da aro, bare kuma ba zai riƙe ba. Na san za ku yashe rijiyar nan tare. Shekaranjiya na ga Babba yana shafa wa igiyar mai a bayan rumbu, yana tsammanin ba na gani.

Da ruwan rijiyar nan nake so a yi mini wankan ƙarshe, garai, ba laka. Ku hanzarta, ban yi alkawarin jira ba.

Na yafe muku nonona, ku ma ku yafe mini. Allah ya ji ƙan ubanku, ya yi muku albarka, ya ba ku ɗiya masu jin ƙanku. Ku riƙe Dela, ku riƙe zumunci. Harisu, ka shiga ba fargaba. Babba, kada ka saki.