Mba Yidana da Wankin Motar Wahid

Hajiya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da na gani da safiyar Juma'ar da ta wuce ya hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Na je wani gida a Lamashegu, rana ba ta gama fitowa ba, sai na tarar da dattijon gidan ya buɗe ƙofar pikap ta ɓangaren fasinja, ya naɗe hannun riga, yana kwara ruwan sabulu da bokiti a wurin ajiye ƙafa yana dirzawa da soso. Ban yi sallama ba. Na tsaya a bayan katanga har ya gama, na juya na tafi.

Ki yi haƙuri, bari in faro daga tushe. Ban yi karatu mai nisa ba, idan maganata ta karkace ki miƙe ta. Ni mai gyaran wayar mota ne a Choggu, ɗan shago ne na kwano a bakin hanya. Daga Salaga na zo koyon aiki ina yaro, iyayena duk sun rasu. A garin nan aboki ɗaya na yi, Wahid. Shi ya fara jana gidansu cin tuwo, har babansa Mba Yidana ya saba da ni, yana ce mini ɗansa. Bara Wahid ya yi gajeriyar jinya ya rasu. Ya bar pikap ɗinsa mai fowil, wato irin wadda in ka murɗa maɓalli tayoyi huɗun duka suke ja. Yanzu ƙaninsa Osman ne ke tuƙa ta zuwa gonarsu ta wajen Nanton, hanyar da in damina ta sauka ba a shiga sai da fowil.

Farkon daminar nan fowil ɗin ya daina shiga. A murɗa maɓalli, fitila ta yi ta ƙyaftawa, shi ke nan. Osman ya kawo mini. Ni ba na son canza kaya da ka. Na duba fis, lafiya lau. Na gwada maɓallin, yana aika wuta. Na shiga ƙarƙashi na ba ɗan injin da ke tura giyar wuta kai tsaye daga batir, ya juya ras. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsinke. Da na aro mashin ɗin gwaji na jona, sai ya nuna kwantirol bod na fowil ba ya amsawa sam. Wannan ɗan akwati ne da ke ba da umarnin shiga giyar, a motar nan yana ɓoye bayan roba daidai ƙafar fasinja. Da na ciro shi, haƙoran soket ɗin duk sun yi kore, cikinsa da danshi. Na ɗauka ruwan sama ne ke yoyo ta gefen gilashi, na toshe wurin da kyau, aka kawo wani akwatin daga Kumasi na sa, mota ta koma daidai.

Ba a yi wata ba sabon akwatin shi ma ya mutu. Osman ya kafe a taɓo da buhunan taki, ya wuni a daji sai da tarakta ta ja shi. Ya zo shagona ya faɗa a gaban mutane cewa mataccen kaya na sa masa, wai don wansa ba ya duniya na raina gidansu. Da na buɗe robar, ga danshin nan kuma, alhali wurin da na toshe a bushe yake. Amma wannan karon na lura da wani farin busasshen abu a jikin robar, na shinshina, ƙanshin sabulun wanki ne. Ruwan sama ba ya zuwa da sabulu. Abin da ya sa na yi sammako ke nan in duba motar a inda take kwana.

Hajiya, Mba Yidana tsohon direban lori ne. Motocin zamaninsu ƙarfe ne zalla, ana wanke cikinsu da bokiti kamar tsakar gida, kuma ya sha gaya mini cewa direban kirki ba ya barin motarsa ta shiga Juma'a da datti. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya tuƙi, ba ya zuwa gona. Wankin nan ne kaɗai aikin da ya rage masa. Kuma a kujerar nan ta fasinja aka kwantar da Wahid ranar da aka kai shi asibiti. Na ga yadda ya daɗe a wurin, ya gama wankin ya zauna a kujerar, ƙafafunsa a waje, bakinsa yana motsi.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Osman ya daɗe yana cewa babansu ya fara rikicewa, gara a mai da shi ƙauye wurin ƙanin dattijon. Gaskiya wani lokaci yakan kira ni Wahid, ni kuwa ina amsawa. In na faɗi abin da na gani, za a karɓe masa ɗan makullin motar da yake ratayawa a wuya, wataƙila ma a kai shi ƙauyen. In na yi shiru, akwati na uku ma zai mutu, sunana kuma ya riga ya fara lalacewa, masu yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, da ke kawo mini aiki sun ja baya. Zakiya, yayar Wahid, da takan aiko mini da abinci, ta daina. Ina rufe shago in koma ɗaki, ba wanda zan ce wa yau na gaji. Da Wahid zan yi wannan shawarar.

Ba ni kaɗai na gani ba. Madam Evelyn, malamar makarantar da ke haya a gidan, tana shara a lokacin. Ta ga dattijon, ta gan ni a bayan katanga, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shararta.

Mai gyaran waya, Choggu

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Wahid, ya ba ka ladan haƙurin da ka yi da aka ci maka fuska a bakin sana'arka.

Shiru ba zai fisshe ka ba, kuma ba zai fisshi dattijon ba. Osman zai sake kafewa a daji, wata rana a wurin da ya fi wancan haɗari, kuma komai daɗewa wani zai ga abin da ka gani, ya faɗe shi ba da tausayin da kake da shi ba. Sai dai akwai wanda ka tsallake a lissafinka, shi ne Mba Yidana kansa. Kana ta tunanin ko ka faɗa a kansa ko ka rufa masa, ba ka yi tunanin faɗa masa ba.

Ka je wurinsa shi kaɗai, da mataccen akwatin a hannunka. Ka nuna masa koren nan da inda akwatin yake zama, ka ce motocin yanzu ba sa shan ruwa ta ciki irin lorin da ya sani. Ka yi masa magana a matsayin tsohon direba, domin direba ba ya son ya cuci mota, balle wannan. Zai ji ciwo, ka bar shi ya ji, kada ka cika shi da ban-haƙuri. Kada kuma ka hana shi wankin. Waje da bokiti, ciki da jiƙaƙƙen tsumma. Kai kuma ka yi naka: in wayoyin za su kai, ka ɗaga sabon akwatin sama, ka kare soket ɗin daga danshi.

Bayan nan dole Osman ya sani, kuma ya fi kyau ya ji daga bakin mahaifinsa kana zaune. Kada ka ɗauke shi mugu. Ya rasa wansa, gona ta dawo kansa, ya wuni a taɓo, ya huce a kan wanda ya fi kusa. Ka nuna masa cewa wannan tsohuwar al'adar direbobi ce, ba alamar rikicewa ba. Ka fara samun Zakiya, ita ce babba, maganarta za ta yi nauyi a kan zancen ƙauye. Idan kuma mantuwar dattijon tana ƙaruwa, kada ka ɓoye musu, likita ya kamata ya duba shi. Madam Evelyn kuwa ka ƙyale ta, 'yar haya ce, kada ka sa ta tsakanin masu gida.

Ba zan yi maka alkawarin Osman zai ba ka haƙuri ba, ko za a bar wa dattijon makullinsa. Mai yiwuwa a karɓe. In haka ta faru, ka riƙa zuwa kuna wankin tare, ba wanda zai hana mai gyara taɓa motar da yake gyarawa. Amma kada ka jingina rayuwarka duka a gida ɗaya. Ka riƙa zama da 'yan'uwanka masu gyara, ka ci abinci a cikinsu, ka leƙa danginka na Salaga. Wanda ya iya riƙe abota har bayan mutuwa ba zai rasa aboki a cikin masu rai ba.

Allah ya wanke sunanka, ya sanyaya zuciyar Mba Yidana, ya buɗa maka kasuwa.